Lokacin da Na Saki Makulli

Kwana goma sha tara a Matanzas
layinmu na farkawa da kukan motata
kafin zakaran Ofelia ya buɗe baki.
Chevrolet ce ta hamsin da bakwai,
ta girmi uwata da shekara biyu.
Babana ya bar min ita, da bashin taya ɗaya.

In na murɗa makulli, kik ya yi ta gurnani,
inji na juyawa kamar mai niƙan tsakuwa,
wuta ta ƙi kamawa.
Fasinjojin Varadero na duban agogo.
Lázaro mai gyaran takalmi ya ajiye guduma,
ya tofa yawu a tafi, ya dafa ta ta baya.

Mu gangara wajen gadar kogi,
ta yi tari, ta yi atishawa, ta ɗauka.
Ladansa kofi, kurɓi biyu, baƙi ƙirin,
sai na dawo da yamma nake biya.

Kowa ya zama likita a layin nan.
Wani ya ce batir, na ari na maƙwabci.
Wani ya ce fulogi, na goge shida da buroshi
har farcena ya koma gawayi.
Ƙanina ya kwance kafireta a kan teburin cin abinci,
ya wanke, ya hura, ya ɗaura,
ƙusa biyu suka yi saura.
Washegari dai labarin jiya.

Sai Nereida ta ƙetaro titi da sandarta,
wadda ta yi shekara talatin tana haɗa wuta
a masana'antar sukari, kafin a rufe.
Ba ta taɓa bonet ba tukuna.
Ta ce, "Ranar da ta tashi da kanta,
yaushe take kamawa? Faɗa min gaskiya."

Na yi shiru, na tuna.
Na ce, "Sai na gaji, na saki makulli,
a daidai sakin take ɗan zabura."
Ta yi dariya, haƙori uku.
"Kuna zaton wuta a maƙera.
Kawo min kwan fitila da guntun waya."

Ta ɗana kwan a kan kwayil.
Na kunna: ya haska.
Na murɗa: ya dushe kamar garwashi a yayyafi.
Ta ce, "Kin gani? Kik babban maciyi ne,
in ya zauna kan akushi ba ya rage wa kowa.
Shi ya sa aka yi wa kwayil hanya ta daban,
siririya, daga kik, mai tsallake farin tangaran ɗin can,
don ya sami ƙoshi a lokacin wuya."

Muka bi ta da yatsa, ƙarƙashin maiko,
bayan inji, inda ido ba ya zuwa.
Rigarta lafiya lau, ba ko tsaga.
Nereida ta lanƙwasa ta, ta yi ƙas.
Ciki kore shar, gari kawai,
iskar teku ta shekara sittin tana lasa
ba wanda ya ji ko murya.

Muka yanko wata daga matacciyar fanka,
ta feƙe bakin, ta murɗe, ta ɗiga dalma,
na naɗe da salataf ɗin da babana ya ɓoye
a gwangwanin taba, don wata safiya.

Murɗawa ɗaya.
Tsuntsaye suka watse daga kan wayar lantarki.
Na zauna riƙe da sitiyari ina jin ta
tana numfashi a tafin hannuna,
na rasa abin da ya cika min zuciya.

Yau kwana huɗu ba a tura ta ba.
Ƙarfe shida Lázaro na bakin ƙofa,
ya naɗe hannun riga, yana duban ƙasa.
Ba abin turawa, ya sani, na sani.
Na ɗora kofi a wuta,
na ce ya zo ya duba min iskar taya.